Liyar: Azurfar Turai da Ke Kwance a Adakar Iyayenmu

In aka ambaci Birnin Gwari, zinariya ake fara tunawa, ko dajin Kamuku, ko ukubar da ’yan bindiga suka ɗora mana shekara da shekaru. Ba mai zancen azurfa. Alhali a tsofaffin gidaje, daga cikin gari har Randagi da Kuyello da Dogon Dawa, in dattijuwa ta buɗe adakarta, a kan tarar da wani farin kuɗi mai nauyi, an huda shi ko an liƙa masa kunne an zura igiya. Fuska ɗaya hoton mace ce mai jiki, da lulluɓi. Ɗaya fuskar mikiya mai kai biyu. Wannan ita ce liyar. Goggona tana da uku da ta gada wajen mahaifiyarta, ba ta fito da su sai da salla ko ranar kai amarya.

Matar da ke jiki Mariya Tareza ce, wadda ta mulki Ostiriya daga 1740 zuwa 1780. An fara buga kuɗin a 1741. Nauyinsa giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Da yake nauyin ba ya canzawa, fataken ƙasashen Larabawa da Habasha suka amince da shi, har bayan rasuwarta suka ƙi karɓar mai wani hoto. Sai aka ci gaba da buga shi yadda yake. Ayarin raƙuma ne suka ƙetaro da shi daga Tarabulus zuwa Barno da Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da liyar ɗaya.

Nan ne mutane ke ruɗewa, kuma ina so a ji ni da kyau. Mutum ya ga 1780 a jiki, ya lissafa sama da shekara 240, ya ɗauka ya yi arziki. To, duk liyar da aka buga bayan rasuwar sarauniyar 1780 ake rubuta mata. An buga ta a Biyana, da Rum, da Landan, da Faris, har da Bambai ta Indiya, sama da miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba har gobe. Saboda haka masu tara kayan tarihi a Turai ba sa rububin kowace liyar. Yawanci kuɗinta bai wuce na azurfar da ke cikinta ba sai kaɗan. Duk wanda ya ce maka miliyoyi ce, ko bai sani ba, ko yana da wata manufa.

A ganina darajarta tana ga hannun da ta bi. Maƙeran fari sun narka liyar da yawa sun ƙera mundaye da zobba da adon linzami da sirdi. Haka suka yi da sule da fataka na azurfa, masu hoton bishiyar kwakwa, waɗanda Turawan mulki suka fara bugawa a 1913, kafin su koma na tagulla a 1920. Ƙarfen na Turai ne, amma zane da murɗi da sassaƙa namu ne, kuma masu wannan aikin sun yi ƙaranci ƙwarai. Munduwar da aka narka ta tafi ke nan. Ba kuɗin da zai dawo da zanen.

Akwai kuma tire da butar shayi da cokula da wasu suka samu daga kakanninsu da suka yi wa Turawa kuku ko akawu. A kifa su a duba gindi. Azurfar Ingila ta gaske tana da ’yan ƙananan tambura: zaki mai tafiya na nufin kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce, kan damisa Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Birmingham. In kuwa EPNS aka rubuta, ruwan azurfa kawai aka yi wa wani ƙarfe.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kayan nan suka salwanta a shekarun gudun hijira. Mace ta baro ƙauye da goyo da ƙunshi, ba hatsi, ba wurin kwana, ko ana neman kuɗin fansar ɗanta. Ta ɗauki gadon uwarta ta kai, a ɗora a sikeli, a ba ta abin da aka ga dama. Wa zai ga laifinta? Rai ya fi azurfa. Amma tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, mutane suka fara komawa gona, ya kamata abin da ya tsira a san yadda za a riƙe shi.

Iyayenmu mata, don Allah kada ku dirje kayan azurfar nan da toka ko yashi. Baƙin da suke yi ba lalacewa ba ce, dirzar ce ke cinye zane. Tsumma mai laushi ya isa. Ku kuma matasa, ku kara maganaɗisu: in ya kama, ba azurfa ba ce, ko da yake rashin kamawa kaɗai bai isa shaida ba, sai an auna nauyi. Ku ɗauki hoton kowane abu gaba da baya, ku tambayi tsohuwa na wa ne, daga ina ya zo, ku rubuta tun tana raye. In sayarwa ta zama dole, kada a tsaya kan dillali ɗaya. A tambaya a Kaduna, a tambaya a kasuwar Kurmi ta Kano, sannan a fara neman ɗan dangi da zai iya saya ya ajiye a gida.