Tsamin Baki: Matakan da Yaro Ke Bi Kafin Maganarsa Ta Daidaita

Abin da Hausawa ke kira tsamin baki, wato furta wani sauti a gurbin wani, mataki ne da kusan kowane yaro ke ratsawa, kuma yana da tsari, domin sautukan magana ba sa zuwa bakin yaro a lokaci guda. Daga wajen wata 6 jariri kan fara gwaranci yana maimaita gaɓoɓi irin su "ba-ba" da "ma-ma", sannan kalmarsa ta farko ta fito a wajen shekara 1. Baƙaƙen da kan riga zuwa su ne na leɓɓa, kamar b da m, tare da d da n, saboda furta su ba ya buƙatar sarrafa harshe sosai, kuma yaro yana ganin motsin leɓɓan mahaifiyarsa da idonsa.

Sautukan da ke neman ƙwarewar harshe kan jinkirta, musamman r, wadda Hausa ke da iri biyu: ra-kaɗe, da harshe ke bugun hanƙa sau ɗaya, da ra-gare, da tsinin harshe ke karkarwa. Shi ya sa ake jin yaro ɗan shekara 3 yana cewa "yuwa" a maimakon "ruwa", ko "taza" a maimakon "kaza", inda ya jawo sautin da ake furtawa a can bayan baki zuwa gaba. Wani nazari da McLeod da Crowe suka wallafa a 2018, wanda ya tattaro bayanai daga harsuna 27, ya nuna cewa yara kan mallaki mafi yawan baƙaƙen harshensu a wajen shekara 5.

Wurin da ya kamata iyaye su sa ido shi ne kunne, domin yaro ba ya furta sautin da bai ji ba, kuma ciwon kunne mai yawan dawowa da sanƙarau da ƙyanda duk suna iya rage ji. Idan jariri ya kai shekara 1 ba ya gwaranci, ko yaro ya kai shekara 4 baƙi ba sa fahimtar yawancin maganarsa, wajibi ne a kai shi asibiti a gwada jinsa. Wanda kuwa ke tafiya bisa tsari, abin da yake buƙata shi ne a riƙa yi masa hira da tatsuniya, a maimaita masa kalmar daidai cikin lallami, ba tare da tsawa ko kwaikwayonsa ba.