Daskarewar Jini da Lafiyar Mai Juna Biyu

Duk wanda ya taɓa yankewa ya ga yadda jini kan tsaya da kansa bayan 'yan mintoci. Wasu ƙananan ƙwayoyin jini, masu suna filetilet, su ke fara toshe bakin raunin. Sa'an nan wani sinadari da hanta ke samarwa, faibirinojin, ya rikiɗe zuwa zare ya saƙa raga a kai. Wannan shi ne daskarewar jini.

Idan mace ta sami juna biyu, jikinta kan ƙara yawan wannan sinadari domin tanadin ranar haihuwa. To, amma matsala kan taso ta fuska biyu.

Ta farko, jini kan daskare inda bai kamata ba, galibi a jijiyar ƙafa. Wannan haɗari ya ninka na mace marar ciki sau 4 zuwa 5, ya kuma fi tsanani a makonni 6 na bayan haihuwa, wato lokacin jego. Alamarsa ita ce ƙafa guda ta kumbura tana ciwo. In gudan jinin ya ɓalle ya toshe huhu, yana iya kisa.

Ta biyu, idan mabiyiya ta rabu da mahaifa tun kafin haihuwa, abin da hawan jini kan jawo, sinadaran daskarewa kan ƙare, jini ya yi ta zuba kamar ruwa. A asibiti akan ɗebi mililita 2 a ƙaramar kwalba. In minti 7 ya wuce bai daskare ba, an san akwai matsala, kuma sau da yawa sai an yi ƙarin jini.

A 1962 Utako Okamoto da mijinta Shosuke, masana daga Japan, suka gabatar da maganin taranizamik, mai hana gudan jini narkewa. A 2017 wani bincike kan mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, har da Nijeriya, ya nuna allurarsa na rage mace-macen zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku, muddin an yi ta cikin awa 3 da haihuwa.

A ƙauyukan Gwandu da Kalgo, inda mata da dama ke haihuwa a gida, awa 3 ba wuya ta ƙare wajen jiran maigida da neman mota. Saboda haka tun lokacin awon ciki ya kamata iyali su tanadi abin hawa, su shirya masu ba da jini, su kuma san hanyar asibitin Gwandu, ko na Kalgo, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Ɗalibin da ya isar da wannan bayani gida yana iya zama sanadin ceton ran mahaifiyarsa ko yayarsa.