Guguwar Amurka ba za ta zo Dogon Daji ba, ta gabas ce ke yaye mana kwano

Da zarar bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa, sai wani bidiyo ya shiga yawo a WhatsApp: motoci na iyo a kan titi, bishiyoyi sun sunkuya, wata murya kuma na rantsuwa cewa mahaukaciyar guguwar nan ta nufo Sakkwato. Daga Dogon Daji zuwa Tambuwal har Kebbe sai a yi ta tura wa juna, wasu ma su hana yara zuwa makaranta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mai tura saƙon nan sau da yawa yana zaune ne a ƙarƙashin rufin da gara ta cinye katakonsa tun bara, bai ko ɗaga kai ya duba ba.

Irin guguwar da ta afka wa birnin New Orleans na Amurka a 2005, wadda aka sa wa suna Katrina, ta kashe mutum fiye da 1,000, 'yar teku ce. Ba ta tashi sai a kan ruwan da ɗuminsa ya kai digiri 26 zuwa 27, tururin ruwan ne abincinta, kuma ba a ba ta wannan matsayi sai iskarta ta kai gudun kilomita 119 a sa'a. Da ta hau tudu sai ta fara mutuwa, kamar tarwaɗar da aka jefo bakin gulbi. Tsakaninmu da teku akwai fiye da kilomita 600. Ta ina za ta biyo?

Asali ma daga wajenmu take tafiya. Daga Yuni zuwa Oktoba, duk bayan kwana 3 zuwa 5, wani rukunin hadari kan taso daga wajen Habasha da Sudan, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya, ya fita teku ta gaɓar Senegal. A can ne wasu ke samun ruwan ɗumi su riƙa. Irma, wadda ta ragargaza tsibiran Karebiyan da Florida a 2017, kusa da tsibiran Cape Verde ta haɗu. Mafi yawan manyan guguwoyin tekun Atlantika haka asalinsu yake. Wato hadarin da ya jiƙa gero a Kebbe yana iya zama wanda za a sa wa suna a Amurka bayan mako biyu.

Tamu iskar kowa ya san ta. Gabas ta yi baƙi ƙirin, gari ya yi tsit, sai jar ƙura ta taso kamar bango, sannan ruwa ya biyo. A Mayu da Yuni ta fi ɓarna, lokacin da ƙasa ke bushe da zafi. Ruwan da ke saukowa daga hadari yana ƙafewa tun a sama, ya sanyaya iska, ita kuma ta yi nauyi ta faɗo ƙasa ta bazu da gudu, wani lokaci har ta haura kilomita 100 a sa'a. Ba ta daɗewa, amma minti goma sun ishe ta.

Yawancinmu mun ɗauka iska tura rufi take yi. Ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta saman kwano da gudu, nauyin iskar da ke danne shi daga sama sai ya ragu, ta cikin ɗaki kuma tana nan da ƙarfinta, sai ta tunkuɗo shi. Dubi murfin tukunya idan miya ta tafasa. Dubi yadda hula ke barin kan ɗan kabu-kabu, sama take yi kafin ta yi baya. Dubi tabarmar da aka shanya a tsakar gida: ta kusurwa iska ke fara kama ta, ta naɗe sauran. Haka rufi yake, daga baki da kusurwa yake fara tashi. In kuma an bar ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da iska ke bugowa, ɗakin ya zama leda da yaro ke hurawa. Shi ya sa shawarar nan ta a buɗe tagogi don iska ta wuce take yaye gidaje. Sannan ƙarfin iska ba ya hawa daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu.

To me ke riƙe da rufinmu? Kafinta ya ce: "Alhaji, a ƙaro ƙusa da waya a ɗaure katakon nan a jikin gini." Maigida ya ce kuɗi sun ƙare, a lallaɓa. Sai a aza katako a kan bulo kamar faifai a kan ƙwarya, a buga ƙusa jefi-jefi, a jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a sama. Ranar da iska ta zo, rufin kan tashi ɗungurungum, duwatsun su sauko kan masu ɗaki. Kuɗin wayar ƙarfe da za a zagaya katako a binne cikin gini, da ƙarin ƙusa a bakin rufi, bai kai na bandir ɗin kwano guda ba. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa ɗaure raƙumi ba ya kore tawakkali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Afrilu ya kamata a hau soro a yi yaɓe, a gyara indararo, a buɗe rariya, domin katangar ƙasa daga gindi take jiƙa ta zube. A sare reshen dogon yaro da ya rufa kan ɗaki. Takardun gona da na makarantar yara a ƙulle su a leda, tocila da waya su kwana da caji. Uwargida da yara su san ɗakin da ya fi ƙwari, kowa ya nufe shi ba sai an kira ba, a fara da tsofaffi da jarirai.

Idan iska ta taso, a rufe ƙofa da taga, a cire kayan wuta daga soket, a nisanci bangon da ya jiƙe. Kada maigida ya fita wai zai danne kwano. Kwanon da ke tashi a iska wuƙa ne. Kada a fake ƙarƙashin bishiya ko a ɗaure dabbobi a gindinta. Madubi da jan tufa ba sa jawo aradu, wayar hannu ma haka sai in tana jone da caji. Wanda ke gona ya ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: daƙiƙa 3 kilomita 1 ke nan. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ya ajiye fartanya ya nemi gini. Bayan an lafa, a hana yara kusantar wayar lantarki da ta faɗi.

Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, amma nawa ne cikin manoman gefen gulbin Zamfara ke jin sa da Hausa a kan lokaci? Jami'an agaji kuwa mun fi ganin su bayan ɓarna, da shinkafa da bandir ɗin kwano da masu ɗaukar hoto. Ina so in ga ranar da ƙaramar hukumar Tambuwal ko ta Kebbe za ta tara kafintoci da magina a watan Maris, ta nuna musu ɗaurin rufi. In ba haka ba, kwanon agajin nan kafintan jiya ne zai buga shi, a kan katakon jiya, da ƙusa jefi-jefi.