Babi na Tara: Duba Ƙululun Yaro da Sauti

Jama'a sun ɗauka sikanin na masu juna biyu ne kaɗai, wataƙila domin Ian Donald, likitan mata na birnin Gilasgo wanda ya bayyana fa'idarsa a 1958, da cikin mata ya fara shahara. Wannan zato kuskure ne, kuma yana cutar da yara. Na'urar tana aika sauti mai tsinin da kunne ba ya ji, ta karɓi amsa-kuwwarsa, ta mayar da ita hoto, ba zafi, ba allurar barci, ba hasken da hoton ƙashi ke amfani da shi. Abin da yaro zai ji kawai shi ne sanyin man da ake shafa masa. Ruwa yakan fito baƙi, tsoka toka-toka, kaluluwa mai lafiya kuwa doguwa ce mai farin tsakiya.

Amma abin da ya fi burge ni, wanda kuma nake ganin shi ne ruhin al'amarin, shi ne hikimar da aka gina bisa binciken Kiristiyan Dofla, masanin Ostiriya, na 1842. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin dogo ya san kukan jirgi kan yi kaifi sa'ad da yake tahowa, ya yi kauri in ya wuce. To, haka sauti ke sauyawa idan ya daki jinin da ke gudana, sai na'urar ta shafa masa launi. Ja ba jinin lafiya ba ne, shuɗi ba mataccen jini ba ne, kamar yadda wasu ke ta faɗi ba tare da hujja ba: a bisa al'ada ja mai nufo na'urar ne, shuɗi mai nisantar ta.

Dubi jaririyar da ƙululu mai taushi ya fito mata a kumatu cikin makonninta na farko, yana girma, dangi suna cewa maruru ne, a kira wanzami ya tsaga. Da za a ɗora na'urar, in mugunya ce za a ga duhu a tsakiya, launi a gefe. In kuwa dunƙulen jijiyoyin jini ne, allon zai cika da ja da shuɗi suna bugawa, kuma aska a nan musiba ce, alhali galibinsa yakan sace da kansa cikin 'yan shekaru. Haka nan kumburin tsakiyar kai ko gadon baya, wanda mai yiwuwa ne ya haɗu da ƙwaƙwalwa ko laka, bai halatta a taɓa shi ba sai an duba. Ƙululu mai tauri da ke saurin girma kuwa, hoto bai isa hukunci a kansa ba, sai likita ya ɗebi tsoka an gwada.