Kwaɓin wasa

Da damina yara suna ɗebo laka a bakin tabki. Suna gina shanu da raƙuma da ƴan tukwane. Amma da rani laka takan bushe, ta yi tauri. Kuma ba a barin ƙaramin yaro ya je bakin ruwa shi kaɗai. To, ana iya yi masa kwaɓin wasa a gida.

Ga yadda ake yi. A auna kofi 2 na garin alkama da kofi 1 na gishiri mai laushi, a gauraya cikin kwano. A sa cokali 1 na man gyaɗa. A riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa. Kofi 1 na ruwa ya isa, wani lokaci ma yana saura. In kwaɓin yana manne wa hannu, a ƙara gari. In yana tsattsagewa, a ɗiga ruwa.

Me ya sa ba a yi da garin hatsi? Domin hatsi ba shi da danƙo, kwaɓinsa warwatsewa yake yi. Alkama ita ke da danƙo. Gishiri yana hana kwaɓin lalacewa da wuri, mai kuma yana sa shi laushi. Mai son launi ya sa gangamau, kwaɓin ya yi rawaya. Garin gawayi yana mai da shi baƙi.

Yaro ɗan shekara 3 ko 4 yatsunsa ba su yi ƙwari ba. Yana mulmulawa, yana matsawa, yana tsinkawa, yatsun suna ƙarfi. Ranar da ya shiga makaranta, riƙon alli ba zai ba shi wuya ba. Yayarsa tana iya murza kwaɓin ya yi tsawo kamar igiya, ta lanƙwasa shi ya zama harafin "o" ko "c". Ta yi ƴan dunƙule 5, su ƙidaya tare. Ta raba ɗaya biyu, ga rabi ya gani da idonsa.

Sai dai a kula: kwaɓin nan ba abinci ba ne. Gishirinsa ya yi yawa ƙwarai, yana cutar da yaron da ya ci shi. Saboda haka ba a ba jariri mai kai kome baki, kuma babba ya zauna kusa. Gari ma da tsada, kwaɓi ɗaya ya ishi yara huɗu.

In an gama wasa, a wanke hannu. A sa kwaɓin cikin kwano mai murfi, a ajiye a inuwa, don iskar hunturu tana busar da shi nan da nan.