Intel da AMD: Yadda gasa ke karya farashin furosesa

Idan ka duba laftof ɗinka, da wuya ba za ka ga tambarin Intel ko na AMD a jikinta ba. Waɗannan kamfanoni biyu na Amurka su ke ƙera furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, kuma takarar da ke tsakaninsu tana shafar aljihunka kai tsaye.

Kafin 2017, Intel ce ke cin karenta ba babbaka. Kusan shekara goma furosesarta ta kwamfutar tebur ta gama-gari ba ta wuce ƙwayoyin aiki huɗu ba. Ka ɗauki kowace ƙwaya kamar ma'aikaci guda: yawansu ke sa kwamfuta ta haɗa ayyuka da yawa ba tare da ta yi nauyi ba. Mai son takwas sai ya sayi irin Core i7-6900K, a kan sama da dala 1,000.

A watan Maris na 2017 AMD ta fitar da Ryzen 7 1800X mai ƙwayoyi takwas a kan dala 499. Kafin shekarar ta ƙare, Intel ta fito da Core i7-8700K mai shida. A 2019 kuma ta sa wa furosesarta mai ƙwayoyi 18 farashin dala 979, alhali wadda ta gabace ta dala 1,979 ce.

Me ya ba AMD wannan dama? Tun 2009 ta rabu da masana'antunta, ta koma tsara furosesa kawai, wasu su ƙera mata. A 2019 kamfanin TSMC na Taiwan ya fara ƙera mata da fasahar nanomita 7, a daidai lokacin da Intel ke fama da jinkiri a tata fasahar ta nanomita 10.

Sai dai kada ka ɗauka AMD sadaka take yi. Da ta ga ta shiga gaba a 2020, sai ta sayar da Ryzen 5 5600X a dala 299, bayan 3600X ta fito a dala 249. Rage farashi makami ne na mai neman kwastomomi, idan ya samu sai ya ƙara. Har yanzu dai Intel ce ke da kaso mafi girma na kasuwar kwamfuta, amma AMD ta ci mata wani yanki, sannan Apple ya fara barinta a 2020 da furosesarsa ta M1. A waya ma haka abin yake tsakanin Qualcomm da MediaTek, wadda ke cikin yawancin wayoyin Tecno da Infinix.

Ga abin da zai amfane ka idan za ka sayi laftof ta hannu. Kada sunan "Core i7" ya ruɗe ka, duba lambar da ke bayansa, domin ita ke nuna zubin furosesar. Core i7-7500U ƙwayoyi biyu gare ta, amma Core i5-8250U tana da huɗu. Windows 11 ma galibi daga zubi na 8 take karɓa, kuma Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a Oktoban 2025. Kafin ka biya, ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka karanta cikakken sunan furosesar da idonka.