Ma'anar "Narkewar Abinci" da Aikin Inzayim a Jikin Ɗan Adam

Sanin kowa ne Bahaushe yakan ce abinci ya narke a ciki, kamar yadda yakan ce gishiri ya narke a ruwa. Wannan kalma kuwa tana ɓad da ɗalibai a aji, domin abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ne. Gishirin da ya narke yana nan gishirinsa, in aka ƙafe ruwan sai a same shi. Amma loman tuwo da ya narke a hanji ya tashi daga tuwo, an warware shi ya koma waɗansu ƙananan abubuwa waɗanda jini ke iya ɗauka. Masu wannan warwara su ne sinadaran da masana ke kira inzayim, watau waɗansu nau'o'in furotin da jiki ke ƙerawa don su gaggauta aikin, su kuwa ba su ƙarewa a cikinsa.

Aikin yana farawa tun daga baka. A cikin miyau akwai inzayim mai suna amiles, wanda ke datsa sitaci ya mai da shi sukari. Malami na iya gwada wannan ba da wani kayan aiki ba: ya sa yaro ya tauna gutsuren burodi ya daɗe bai haɗiye ba, zai ji ɗan zaƙi ya soma fitowa.

A tumbi ne aka fi yin kuskure, gama mutane da yawa sun ɗauka niƙa kaɗai ake yi a can. Wani likitan sojan Amurka, William Beaumont, ya nuna ba haka ba ne. A shekarar 1822 bindiga ta sami wani saurayi, Alexis St. Martin, raunin ya warke amma ya bar kafa har cikin tumbi. Ta kafar nan Beaumont ya riƙa zura nama ɗaure da zare, yana jawowa yana dubawa. Har wa yau ya ɗebi ruwan tumbin ya zuba a kwalba, ya sa nama ciki, naman ya narke ba tare da wani abu ya niƙa shi ba. Ya buga littafinsa a 1833, sa'an nan a 1836 Bajamushe Theodor Schwann ya gano inzayim ɗin da ke wannan aiki, ya sa masa suna fefsin. Fefsin ba ya aiki sai cikin tsami mai ƙarfi, tsamin da ke tsai da amiles na miyau. Mai hankali zai tambaya, to, me ya hana shi cinye tumbin, tun da shi ma nama ne? Amsa ita ce, tumbi yana fid da shi a ɗaure, sai ya gamu da tsamin yake kwancewa, ga kuma majina mai kauri da ta lulluɓe bangon.

Mafi yawan aiki a ƙaramin hanji ake yinsa. Nan ne fankiriyas ke zubo ruwansa, kada kuwa malami ya fassara shi da saifa, gaɓoɓi biyu ne dabam. Ruwan nan yana kashe tsamin, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa, kuma yana ɗauke da tirifsin mai ci gaba da datsa furotin, da lifes mai warware mai, da wani amiles. Ruwan matsarmama, wanda hanta ke yi, ba inzayim ba ne. Shi dai yana tarwatsa mai ya zama ƙananan ɗigo, yadda sabulu ke yi wa maiƙo, don lifes ya sami inda zai kama.

Kowane inzayim da abin da yake warwarewa, ba ya taɓa na wani. Emil Fischer ya kwatanta wannan a 1894 da kwaɗo da mabuɗinsa. Shi ya sa mutum ba ya rayuwa da ciyawa, ba shi da mabuɗinta. Saniya ma ba nata ba ne, ƙwayoyin halitta da ke tumbinta ke yi mata. Haka kuma sukarin madara, sai inzayim mai suna laktes ke warware shi. Jarirai suna da shi da yawa, amma a yawancin mutanen duniya yana raguwa bayan yaye. Fulani makiyaya na cikin jama'un da da yawansu ke riƙe shi har girma. Wanda nasa ya ragu, in ya sha ɗanyar madara sai ciki ya kumbura ko ya yi gudawa, alhali nono mai tsami ya fi yi masa sauƙi, domin ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani kashi na sukarin tun yana cikin ƙwarya.